Ɗan Allo da Ɗan Lakwal a Gida Ɗaya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya sanya ƴaƴa amana a wuyan iyaye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Kowace shekara idan damina ta ja baya, gero ya fara nuna, aka soma maganar komawar yara lakwal a watan Oktoba, tambaya ɗaya ce ke yawan zo mini, wani ya tare ni a ƙofar masallaci, wani ya turo saƙon murya cikin dare: Liman, yaron nan ya kai shekara shida, allo zan ba shi ko lakwal zan kai shi? Amsar ba ta shiga cikin tsayuwar minti biyu bayan sallame salla, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta ta a nan. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abin da na lura da shi cikin shekarun da na yi ina limanci shi ne, yawancin masu wannan tambaya sun riga sun yanke hukunci kafin su zo, kuma hukuncin nasu rabo ne. Mutum yana da ƴaƴa huɗu ko biyar, sai ya raba su kamar yadda ake raba gonar gado: wannan na allo, wannan na lakwal, wannan ya bi ni kasuwa, macen kuwa ta taya uwarta talla kafin miji ya fito. A ransa yana ganin ya yi dabara, ya jefa ƙugiya a kowane kogi. Idan na lakwal ya zama ma'aikaci zai riƙe gida, idan na allo ya zama malami zai yi wa gida addu'a. Har na taɓa jin wani dattijo yana cewa ya ba Allah ɗaya ya ba gwamnati ɗaya, yana faɗa yana murmushi. A kan wannan rabon nake so in yi magana, domin a ganina nan ne cutar take.

Ni kaina ɗan irin wannan rabon ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa, ya ba ni allo tun ban kai shekara biyar ba. Na yi babbaƙu da farfaru a zauren malaminmu, na wanke allo na sake rubutawa har na sauke, na karanta Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, daga baya na shiga madarasa na ƙara Larabci da nahawu. Ƙanena kuwa, shekarar da aka zo ɗaukar yara, a kansa alƙalami ya faɗa, aka rubuta sunansa. Mahaifinmu bai yi haka don son wani ko ƙin wani ba. Abin da ya tarar ana yi ke nan, kuma ya ciyar da mu da guminsa. Amma ga yadda abin ya ƙare. Ni da nake tsayawa gaban ɗaruruwan mutane ranar Juma'a, idan aka miƙo mini takardar likita ko takardar fili da Faransanci sai na nemi yaro ya karanta mini, kuma dole in yarda da abin da ya ce. Shi kuma ƙanen nawa, mutumin kirki mai zumunci, ya kai shekara arba'in kafin wata rana ya kira ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ya tambaye ni ƙabli da ba'adi, yana jin nauyi kamar wanda ya zo roƙon bashi. Uwa ɗaya uba ɗaya, kowannenmu da rabin abin da yake bukata.

Wannan rabo yana da tarihi. Lokacin da Faransawa suka kawo makarantarsu, kakanninmu sun gan ta a hannun wanda ya ci ƙasarsu da bindiga, ya ɗora musu haraji da aikin tilas. Sun ƙi ta, kuma suna da hujja. Sanannen abu ne cewa a wurare da yawa, idan aka ce mai gari ya kawo yara, sai masu hali su ɓoye nasu, a tura ɗan bara ko ɗan talaka ko maraya. Daga nan aka gaji tunanin cewa lakwal wata gaba ce da ake fansar gida da yaro ɗaya daga gare ta. Faransawa sun bar mulki tun 1960, yau mushen da ke gaban allon ajin ɗanka ɗan unguwarku ne, sahu ɗaya kuke tsayawa da shi a sallar Asuba, amma rabon yana nan yadda yake.

Mu koma ga shari'a. Buhari da Muslim sun ruwaito ƙissar Nu'umanu ɗan Bashir, Allah ya yarda da su, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, mahaifiyarsa Amratu ta ce sai an kafa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, shaida. Da aka je, Annabi ya tambayi uban ko haka ya yi wa sauran ƴaƴansa. Ya ce a'a. Sai Annabi ya ƙi yin shaidar, ya umurce shi da jin tsoron Allah da yin adalci tsakanin ƴaƴansa, uban ya koma ya janye kyautar. Malamai sun saɓa kan hukuncin fifita wani ɗa a kyauta: mafi yawansu sun tafi a kan karhanci ne, Imamu Ahmad ya tsananta ya ce bai halatta ba. Maganarsu a kan dukiya take, kada wani ya ce Liman ya ce hadisin a kan makaranta ya zo. Abin da nake cewa shi ne mu yi tunani. Idan an ƙi shaidar kyautar da za ta iya ƙarewa cikin shekara, yaya uban da ya ba ɗa ɗaya sanin yadda zai bauta wa Ubangijinsa ya hana ɗaya, ko ya ba ɗaya abin da zai kare haƙƙinsa da shi a duniya ya bar ɗaya ana karanta masa takardar gonarsa?

Malamanmu sun raba ilimi gida biyu, kuma duk rikicin nan yana warwarewa idan aka riƙe wannan rabon nasu maimakon namu. Akwai farilla ta aini, wadda take kan kowane baligi shi da kansa: ya san Ubangijinsa da Annabinsa, ya san tsarki da alwala da wankan janaba da taimama, ya iya Fatiha daidai da abin da ya sauwaƙa na surori, ya san sallarsa da gyaranta, azuminsa, halal da haram na sana'ar da zai shiga, mace ta ƙara da hukuncin haila da biƙi. Wannan ba a wakilci a cikinsa. Yadda wa ba ya yi wa ƙanensa salla, haka ba ya iya masa Ahalari. Uban da ya ce ai na sa yayansa a allo, bai sauke nauyin wannan yaron ba ko kaɗan. Aya ta 6 a Suratut Tahrim ta ɗora wa mumini kare kansa da iyalinsa daga wuta, ba ta ware na lakwal ba. Hadisin Abu Dawuda ya umurci iyaye su sa ƴaƴansu salla suna da shekara bakwai, su tsananta a kai idan sun kai goma. Ku duba da kyau, shekarun nan su ne daidai shekarun da yaro yake tsakanin CI da CM. Risalar nan ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani da muke karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan hijira, ai don yara aka wallafa ta. Wani malamin yara ne ya roƙe shi ya tattara masa abin da ya wajaba na aƙida da fiƙihu domin a koya wa ƙanana kamar yadda ake koya musu haruffan Alƙur'ani. Littafin da aka rubuta wa yara, yau a wurinmu sai mai gemu ke buɗe shi.

Sai farilla ta kifaya, wadda take kan al'umma gaba ɗaya. Idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Haddace Alƙur'ani dukansa yana nan ciki, da zurfafa a fiƙihu har a kai ga fatawa. Amma ba su kaɗai ba ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya ambaci likitanci da lissafi cikin farillan kifaya a farkon Ihya'u Ulumid Din, har da noma da saƙa. Ya kuma yi kukan cewa a zamaninsa za ka sami gari babu likita Musulmi ko ɗaya, alhali mutane sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu. Duk lokacin da na karanta wannan wuri sai Galmi ta faɗo mini a rai. A can kusa da ita Maratta take, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Kuma a Galmi ɗin ne asibitin mishan yake tun 1950, inda mutanenmu daga Adar da Gobir har da ƙetaren iyaka suke kai marasa lafiyarsu. Ba na faɗin haka don in rage wa masu asibitin komai. Sun yi wa jama'a aiki, kuma Musulunci bai koya mana butulci ba. Ina faɗa ne don mu tambayi kanmu, wa ya hana mu? Likita ba ya fitowa daga zaure. Sai ya bi CI har CM2 shekara shida, ya yi kwalej shekara huɗu ya sami BEPC, ya yi lise shekara uku ya sami bak, sannan ya shiga jami'a a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ya ƙara wasu shekarun. Wanda ya rufe wa ɗansa ƙofar CI ya rufe wannan hanya tun daga bakinta.

Kuma neman rubutu da harshen wasu ba baƙon abu ba ne a addininmu. Bayan yaƙin Badar, fursunonin Ƙuraishawa da ba su da kuɗin fansa an sa su koya wa yaran Madina rubutu a matsayin fansarsu, ga su kuwa mushirikai ne a lokacin. Zaidu ɗan Sabit, wanda daga baya shi ne ya jagoranci tattara Alƙur'ani, Annabi ne da kansa ya umurce shi ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu ya kuma rubuta amsa, don kada a dogara da wanda ba a amince da shi ba. Mutum ɗaya ne ya haɗa biyun, mahaddacin wahayi kuma mai karanta takardar baƙi.

To, da wanne za a fara? Wannan ma ba mu ne farkon tambayarsa ba. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 808, ya keɓe fasali guda a Muƙaddimarsa kan yadda ƙasashen Musulmi suke koyar da yara. Ya ce mutanen Magrib Alƙur'ani zalla suke koyarwa, ba sa haɗa shi da komai har yaro ya ƙware, shi ya sa suka fi kowa iya rubutunsa da haddarsa, amma wanda ya yanke karatu a hanya yakan tashi babu wani ilimin a hannunsa. Mutanen Andalus kuwa suna haɗawa da Larabci da rubutu da waƙa. Duk wanda ya san makarantar allonmu, da ƙira'ar Warshu da irin rubutunmu, ya san hanyar Magrib muka gada. Sannan ya kawo shawarar Alƙali Abubakar ɗan Arabi, babban malamin Malikiyya, cewa a fara wa yaro da harshe da lissafi kafin Alƙur'ani domin ya fahimci abin da yake karantawa. Ibnu Haldun ya yaba shawarar, amma ya bayyana abin da ya sa mutane ba su bi ta ba: neman albarka, da tsoron cewa yaro yana hannun iyaye ne kawai kafin ya balaga, idan samartaka ta kwashe shi bai sami Alƙur'ani ba, mai yiwuwa ya rasa shi har abada.

Wannan tsoron gaskiya ne, ni ma ina da shi. Saboda haka abin da nake gaya wa masu tambayata shi ne, a fara da allo da wuri, tun yaro yana shekara huɗu, a unguwa, yana kwana ɗakin uwarsa. Kafin ya kai shekarun rajista ya san baƙaƙe da wasulla, ya riƙe Fatiha da ƙananan surori, harshensa ya saba. Idan lokacin lakwal ya yi a kai shi, kada a jinkirta, domin ƙofar CI tana da shekaru. Yaron da ya wuce su da wuya a karɓe shi. Kuma ranar da aka saya masa jakar lakwal kada ta zama ranar da aka rataye allonsa a bango.

Na san abin da za a ce: ina lokaci? Mu yi lissafi. Alƙur'ani izu sittin ne, kowane izu sumuni takwas, jimla sumuni 480. Yaron da ya iya haɗa baƙi, idan yana ɗaukar sumuni uku a mako, zai sauke cikin mako 160, wato shekara uku da kusan wata ɗaya. Sumuni uku a mako ba ya bukatar fiye da zaman bayan Asuba da na tsakanin Magariba da Isha'i, ga Asabar da Lahadi babu lakwal, ga dogon hutu na damina kusan wata uku. Yaron da ya soma wannan a CE1 zai iya saukewa kafin ya bar firamare, ya karanta Ahalari a cikin hutu biyu. Sauka nake nufi, ba hadda ba. Hadda aiki ne na daban, za mu zo kanta. Na ga yaran da suka yi haka da idona, ba ɗaya ba, ba goma ba, kuma ba ƴaƴan masu kuɗi ba ne. Abin da na gani a gidajensu iri ɗaya ne: akwai wani babba, uba ko uwa ko kaka, da yake tashin yaron da asuba, yake kuma tambayarsa da dare, yau ina aka tsaya? Lokacin da muke cewa babu, mu duba awa nawa wayar hannu da talabijin suke ci a tsakar gidajenmu bayan Magariba.

Sai dai a ji tsoron Allah game da jikin yaron. Wanda aka tasa tun duhu, ya yi allo, ya tafi lakwal da ƙafa, ya dawo cikin rana, ya koma, ya zauna karatun dare, yana bukatar abin kari a cikinsa da barci da ɗan lokacin wasa. Ibnu Haldun ɗin nan ya yi wani fasalin a kan cewa tsanani yana cutar da mai koyo, yana koya masa ƙarya da munafunci domin tsoron duka. Ƴan'uwana malaman allo, yaron da ya zo muku a gajiye daga lakwal ba abokin gaba ba ne. Kada bulala ta sa ya tashi yana ganin Alƙur'ani shi ne wurin da ake dukansa.

Ba zan yi wa lakwal kwalliya ba, domin kun san ta fiye da ni. Ajin da yara suka cika har wasu na zaune ƙasa, malamin kwantaragi da albashinsa ke makara, yajin aiki, yaron da ya kai CM bai iya karanta layi biyu ba, mai digiri da ke tuƙa kabu-kabu. Ba mu manta azuzuwan zana da suka kama wuta a 2021 ba, a Yamai cikin watan Afrilu, a Maraɗi cikin watan Nuwamba, inda ƙananan yara aƙalla ashirin suka rasu a kowanne. Allah ya sa masu ceton iyayensu ne. Uban da ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba zan ce masa ya yi ƙarya ba. Akwai kuma maganar tarbiyya, cakuɗuwar samari da ƴanmata a kwalej, da abokan banza. Amma ina da tambaya: taron iyayen yara da makaranta ke kira, mu nawa muke zuwa? Sau da yawa darakta zai aika, mutum biyar su zo, su ma don an ce za a yi maganar kuɗi. Makarantar unguwarku da ƴaƴanku take cike, malamanta Musulmi ne mafi yawansu. Idan masu salla suka cika kwamitin iyaye, suka nemi a ware wurin alwala da salla, suka sa ido kan malamin da ba ya zuwa, suka haɗa hannu aka gina aji na bulo maimakon zana, wa zai hana su? Mun iya tara kuɗin tayil da lasifika na masallaci cikin Juma'a uku.

Wasu za su ce ai ga franko-arab, ta haɗa duka biyun, an huta. Lallai ni'ima ce, kuma tsohuwa ce a ƙasar nan: madarasar farko ta gwamnati an buɗe ta a Sayi tun 1957, kafin samun ƴancin kai, kuma a Sayi ɗin ne Jami'ar Musulunci ta fara aiki a 1986. Yau akwai na gwamnati akwai na masu zaman kansu, takardunsu kuma hukuma ta san da su. Wanda yake da mai kyau kusa da shi, ina ba shi shawarar ya kai. Amma a shiga da ido buɗe. Allon da aka kafa a bakin ƙofa ba shi ke koyarwa ba. Na jarraba yaran wasu makarantun masu tsadar kuɗin wata, na tarar Larabcin bai kai ba, Faransancin bai kai ba, Fatihar ma da gyara. Kafin ka biya, ka sami yaron da ya yi shekara huɗu a wurin, ka buɗe masa Mus'hafi a inda bai shirya ba, ka sa wani ya ba shi lissafi, ka kuma tambayi yara nawa suka ci jarrabawar bara. Sannan madarasa darasin Larabci da addini take bayarwa cikin jadawali, ba ta cika maye gurbin zaman allo na kullum ba. Kuma mu da muka bi hanyar Larabci mun san abokanmu da suka dawo daga Azhar da Madina da manyan takardu, suka yi shekaru suna neman inda za a ɗauke su aiki saboda ƙarancin Faransanci. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Mun yi murna, amma takardun ofis da na asibiti da na kotu har yanzu ba su canza harshe ba.

Game da hadda: idan Allah ya ba ka yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da son Alƙur'ani, ka ga alamar zai zama alaramma, to wannan babban rabo ne, kuma al'umma tana bukatarsa kamar yadda take bukatar likita, har fiye. Ƴaƴa ba su zama ɗaya ba, kuma adalci bai hana kowa ya bi inda ya fi ƙarfi ba. Amma wannan rarrabewar tana zuwa ne bayan kowa ya sami tushe, an kuma ga baiwar yaron da ido. Ba a yanke wa ɗan shekara shida hukuncin rayuwarsa don kawai shi ne na biyu a haihuwa. Wanda zai yi hadda ya yi ta ya kuma iya karatun boko da lissafi gwargwadon da ba za a cuce shi ba. Wanda zai yi likita ya tafi da saukarsa da Risalarsa.

Abin da ba zan iya sa wa albarka ba shi ne a ɗauki yaro ƙarami a danƙa wa malami ya tafi da shi Kano ko Zariya ko wani gari mai nisa, babu guzuri, babu kuɗin Laraba, babu mai leƙa shi shekara ta zagayo. Tafiya neman ilimi sunnar malamai ce, Shehu da kansa ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umar har Agadas, amma da hankalinsa ya tafi. Ciyar da yaro da tufatar da shi wajibin uba ne har ya balaga ya iya nema, kuma miƙa shi ga malami ba ya sauke wannan wajibi. Mun ga abin da ya faru a 2020 lokacin annobar korona, da jihohin arewacin Najeriya suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su garuruwansu. Yawancin abin da ake tura yaro nema a can, akwai mai koyar da shi a unguwarku. Sau da yawa, mu faɗi gaskiya, bakin ci ake ragewa a gida, a sa wa abin sunan karatu.

Sai ƴaƴa mata, waɗanda a rabon nan su ake bari da farantin talla. Shehu Usmanu a Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da ɗalibai a waje suna barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, kuma ƴarsa Nana Asma'u ta tsara ƴan taru, tana tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata. Farilla ta aini ba ta san namiji ko mace ba. Ta fuskar kifaya kuwa, mu ne muke ɓata rai idan muka kai iyali awo ko haihuwa muka tarar namiji ne a bakin aiki. Ungozomar asibiti da likita mace da malamar da za ta koyar da ƴarka, ƴar wani ce da ubanta ya bari ta yi karatu. Tun 2017 akwai dokar gwamnati da ke neman a bar yarinya a makaranta har shekara 16. Ni abin da nake ƙarawa shi ne, duk wadda za a aurar, a tabbata ta san hukuncin jininta da sallarta kafin a kai ta, kuma idan tana karatu a sa ci gabansa cikin maganar aure tun wurin neman, a gaban waliyyai.

Na san akwai wanda zai karanta wannan a ƙauyen da lakwal take da nisan tafiya, ko wanda bai da mai taya shi noma da kiwo sai yaran nan. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Wanda bai sami lakwal ba, farilla ta aini tana nan a kansa, kuma ba ta bukatar kuɗin mota: limamin garinku zai iya koya wa yaro ita. Idan kuma dole ne wasu su tafi wasu su zauna, to uba ya san cewa wanda ya zauna yana binsa bashi, ya biya shi ta wata hanya, ya kuma sa wanda ya tafi ya riƙa koya wa ƴan'uwansa abin da ya koyo da dare. Haka na allo ya riƙa biya wa na lakwal. Da an yi mana haka ni da ƙanena, da kowannenmu ya rage wa ɗan'uwansa shekaru na jin kunya.

A masallacinmu, in Allah ya yarda, karatun yara na bayan Asuba zai ci gaba da zarar an koma lakwal, ana tashi da wuri domin kowa ya karya kumallo ya isa aji a kan lokaci. Na manya kuma, Ahalari daga farko, daren Asabar bayan Isha'i. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da bai samu yana yaro ba ya zo, babu mai tambayarsa me ya sa sai yanzu. Matasanmu masu bak da ke zaune, muna neman mutum biyu ko uku da za su ɗauki almajiran unguwa karatun boko da lissafi ranar Alhamis, tunda ranar ba a allo. Wanda kuma ɗansa ba shi da takardar haihuwa ya je ofishin magajin gari tun yanzu ya ji yadda ake yi, kada sai shekarar jarrabawa ta zo a shiga guje-guje.

Allah ya shirya mana zuriya, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.